In sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi



Kuɗin dankalin turawa da gumi ake samun su. Wanda ya haɗa sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi, kada ya yi gaggawar biyan mota zuwa Filinge ko Yamai.

Da farko ya soka rediyo a wurin, ya ga ko akwai wuta. Volt 220 take so. Batir mai volt 12 ba ya tada ta shi kaɗai.

Na biyu, makunnin baya ya kasance kan I, ba kan O ba.

Na uku, ya cire ta daga wuta, ya buɗe, ya danna babbar waya mai baki 24 har ta zauna.

Ƙaramin akwatin wuta na ciki kuwa, kada ya kwance shi. Yana riƙe wuta. Wannan sai mai gyara.