Kakuri da Mu: Jawabi a Taron 'Yan Ƙungiya



Yau za mu ɗan waiwayi masaƙun Kakuri a Kaduna. Wani zai ce mene ne haɗin mazauna Maiduguri da Kakuri? To, duk wanda ubansa ya taɓa kasa yadi a Kasuwar Monday ya ci arzikin wannan wuri.

A zamanin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara saƙa a 1957. Dalilin a fili yake. Audugar Funtua da Gusau da Malumfashi ake gurzawa a kai Ingila, a saƙa, a dawo mana da ita da tsada. Sai aka ce a saƙa ta nan gida. Bayanta aka buɗe Nortex, da Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa, da UNTL ta Cha Chi Ming, mutumin Hong Kong. Dubban ma'aikata ke shiga, dare da rana.

A 1964 hanyar jirgin ƙasa ta iso Maiduguri. Dilolin akoko da atamfa suka riƙa sauka nan, iyayenmu su ɗauka su bi ta Gamboru da Banki, har Chadi da Kamaru. Da ribar aka gina gidaje a Hausari da Gwange, aka sa mu makaranta.

Sai abubuwa suka juya. Daga 1986 darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara saye. Ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar Sin mai araha da ake shigowa da ita ta bayan fage. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wannan atamfa ta fasa-ƙwauri, a rumfunanmu aka sayar da ita. Mun ga araha, muka manta mai saƙa ɗan'uwanmu ne.

Roƙonmu biyu ne. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke cikinmu, da matan waɗanda suka rasu, a sa su cikin asusun taimakon ƙungiya. Sannan matasa su zauna da su, su rubuta abin da suka gani tun suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.