Daga Duwatsun Adar Zuwa Tafkin Kalmalo

Ruwan da ke cika Tafkin Kalmalo kusa da Illela daga nesa yake tasowa. Kogin Majiya ke kawo shi. Yana gangarowa daga duwatsun Adar a Nijar, ƙoramu na zuba masa jan ruwa da damina, ya ratsa ƙasar Ƙonni kafin ya tsallako iyaka zuwa Najeriya. A hanya, madatsun Mozage da Zango na tare kaso domin noman rani. Idan ruwa ya yi ƙaranci, masunta da manoman albasa a Kalmalo ke fara ji a jika. Najeriya da Nijar sun ƙulla yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri cikin 1990. Hukumomi, a cika wannan alkawari!