Jawabi Kan Kafa Tashar Bitcoin da Hannunmu



Wanda ya karɓi manhaja a haɗe, amanar mahaɗinta ya ɗauka. Mu kuwa muka ce gani ya kori ji. Muka ɗauko ainihin rubutun Bitcoin Core daga GitHub, muka harhaɗa shi da CMake. Wannan bai ba mu wuya ba. Wahalar tana ga littafin ciniki, wanda tilas kwamfuta ta sauko da shi tun daga shafin farko na 2009, ta tantance; ya kuwa haura gigabait 600. Ma'ajiyarmu ba ta kai ba, sai muka rubuta prune=550 cikin bitcoin.conf, domin ta riƙa share tsofaffin shafuka bayan tantancewa. Wuri ya samu, amma kuɗin data ko kwabo bai ragu ba, kuma daga kuɗin abincinmu muka cire.