Cikin Ɗalibi da Rumbun Mahaifinsa



An nemi mu ce wani abu game da 'ya'yanmu da ke jami'a. Mun zaɓi mu yi magana a kan cikinsu, domin shekarun da muka yi riƙe da alli sun nuna mana cewa yaron da bai karya ba, da wuya darasi ya zauna masa.

Manyan da ke nan za su tuna lokacin da jami'a ke ciyar da ɗalibanta. Ɗan Sarki da ɗan manomi layi ɗaya suke bi da tikiti a hannu, a zuba musu daga tukunya ɗaya. A 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka yi boren da ake kira "Ali Must Go", har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyarwar. Tun daga nan abincin ɗalibi ya koma wuyan gidansu, ya zama kowa tasa ta fisshe shi.

Ɗan mai hali ba ya kwana da yunwa, amma kada mu ɗauka ya tsira. Kuɗinsa na tafiya ne a lemon kwalba, da soye-soye, da Indomie da ƙwai wajen mai shayi da tsakar dare. Wannan cika ciki ne, bai zama gina jiki ba.

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne 'ya'yan talakawa, su ma ba duka suka zama ɗaya ba. Ɗan manomi kan isa makaranta da garin masara, wake, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A makonnin farko sau da yawa ya fi ɗan ƙaramin ma'aikacin birni cin abinci mai kyau, domin shi wancan sai ya jira ƙarshen wata. To amma gari ba ya dafa kansa. Ranar da gas ko kananzir ya ƙare, kuma babu na saye, tsabar tana ajiye a ƙarƙashin gado, shi kuwa yana jiƙa garin kwaki. In zangon karatu ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kuɗin gida ya tafi a taki, babu abin da za a aika masa.

Ɗaliban har lissafi gare su. In sun ce 0-1-0, ba a karya ba, an ci na rana, an kwana haka. Yaro zai shiga jarrabawa a kan wannan lissafi, in an buga waya daga gida ya ce lafiya lau, saboda ya san halin da ya baro. Kunya ce irin wadda mu muka koya musu.

Akwai kuma laifinmu iyaye. Mun hana 'ya'ya maza kusantar murhu, muka ce aikin mata ne. Yau 'yan mata kan haɗa tukunya su uku ko huɗu, mudun wake ya kai su kwanaki, namiji kuwa mai kuɗi daidai da nasu ya ƙarar da shi a sayen dafaffe kafin tsakiyar wata.

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A shekarar ce asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara bayar da naira 20,000 a wata, abin da bai kai naira 700 a yini ba. Mun gode, amma bashi ne, kuma ba kowa ya samu ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta buɗe rumbun ɗalibai. Da kaka, kowane manomi ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko da tiya ɗaya ce. Ma'aikata da 'yan kasuwa su ɗauki kuɗin gas da na mota. A riƙe hatsin sai damina, sannan a aika Zariya, Kano da Sakkwato ta hannun shugabannin ɗalibanmu, ba tare da an kira sunan kowa a bainar jama'a ba. Muna fatan kwamitin ilmi zai zauna a kan wannan kafin a fara girbin gero.