Wanda Gari Ya Juya Wa Baya, Daji Ke Jiransa

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani Malami ya gabatar wa matasa bayan sallar La'asar a garin Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (SAW), Malam ya ce akwai azabar da ba ta barin tabo a jiki, ita ce a ƙaurace wa mutum a cikin garinsu. Ya tuno wa 'yan'uwa daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗaliban Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ya ce waɗannan har Gwamna ya tarbe su. To, matar da aka biya mata kuɗin fansa ta dawo da ciki fa, wa ya tarbe ta? Saurayin da ya sha ɗauri a daji, ya dawo aka fara raɗe-raɗin wai infoma ne? Bafulatanin da a nan aka yanke cibiyarsa, amma in ya iso majalisa sai hira ta mutu?

Malam ya ce irin wannan mutum barci kan ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa zargin kowa, wani ya faɗa shan ƙwaya, wani ma ya kashe kansa, wa'iyazu billahi. Ya ce a 2003 wata mai bincike a Amurka, Naomi Eisenberger, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ware a cikin wani wasa, sai aka ga sashen da ke motsawa in jiki ya ji ciwo shi ne ya motsa. Ashe ba raki ba ne.

Daga nan sai Malam ya shiga ƙissar Ka'abu bin Malik (RA), wanda bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Shi da Murara bin Rabi'u da Hilalu bin Umayya aka hana kowa yi musu magana har kwana 50. A kwana na 40 aka umurce su da su nisanci matansu. Ka'abu ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so, ya yi sallama bai amsa ba. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Sarkin Gassan, yana kiransa ya zo za a karrama shi. Ka'abu ya jefa ta cikin tanderu.

A nan Malam ya tsaya. Ya ce wannan wasiƙar har yau tana zuwa, sai dai yanzu ta wayar salula take zuwa, daga daji, da alkawarin babur da kuɗi. Duk wanda gari ya kora, akwai mai jiransa.

Ga wanda aka ƙaurace wa, Malam ya ce ya dubi Ka'abu. Abokansa biyu sun zauna a gida suna kuka, shi kuwa kullum sai ya fita sallar jam'i, ya zaga kasuwa, ko da ba mai kula shi. Kada ya kulle kansa a ɗaki. Ya riƙe sana'arsa, ya nemi mutum ɗaya tak da zai riƙa faɗa wa damuwarsa, in rashin barci ya yi tsanani ko ya fara tunanin halaka kansa, ya je asibiti, ba abin kunya ba ne.

Ga sauran jama'a kuma, ya ja kunne cewa kada wani ya kafa hujja da wannan ƙissa. Waccan ƙauracewar Manzo ne ya yi umurni da ita, kan laifin da masu shi suka amsa da bakinsu, kuma Allah ya kawo ƙarshenta a Suratut Tauba. Wadda aka sace, wane laifi ta amsa? Ya ce ranar da aka karɓi tubar Ka'abu, Ɗalhatu bin Ubaidullah ya taso da sauri ya yi musafaha da shi, Ka'abu bai taɓa manta masa ba.

Wani matashi ya tambaya, in kuma da gaske infoma ne fa? Malam ya ce mai hujja ya kai ta gaban Maigari da jami'an tsaro, wanda ba shi da ita ya kama bakinsa, domin a wannan yankin kalmar infoma kan zama hukuncin kisa kafin gari ya waye. Da haka aka yi addu'a aka tashi, gab da Magariba.