Mafaka Kafin Guguwa

Karatu: Luka 13:1-5



A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wata irin guguwa da ta fi duk wadda muka sani. Idan iska mai ɗumi daga Tekun Meksiko ta haɗu da busasshiyar iska mai sanyi, sai hadari ya haɗu yana juyawa, ya sauko da wutsiya har ƙasa, ya share duk abin da ya tarar.

A daren Jumma'a, 4 ga Mayu, 2007, irin wannan guguwa ta faɗa wa Greensburg, wani ƙaramin garin manoman alkama a jihar Kansas. Faɗinta ya kusa kilomita 3, gudun iskarta ya wuce kilomita 300 a awa guda. Ta rushe kashi 95 cikin 100 na garin. Gidaje, makarantu, asibiti, har majami'u, duk sun faɗi.

Ku lura, 'yan'uwa, guguwar ba ta tsallake gidan mai bi ba. Don haka kada mu yi saurin cewa wanda masifa ta samu ya fi mu zunubi. Yesu ya tsauta wa masu irin wannan tunani sa'ad da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu. Ya ce kowa ya tuba, ya duba kansa.

A lokacin, garin yana da mutane kimanin 1,500, amma waɗanda suka mutu ba su kai 15 ba. Me ya sa? An busa jiniyar gargaɗi kamar minti 20 kafin guguwar ta iso. Mutane suka ji, suka bar abinci da kaya, suka kwashi yara zuwa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Ba a daren nan aka haƙa ɗakunan ba. An gina su tun sararin sama yana garau.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, minti 20 ba su isa haƙa mafaka ba. Yau da kake da lafiya, yau za ka shirya da Allah, ka kuma shirya da maƙwabcin da kuka yi shekara ba kwa gaisawa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da duk wanda iska ta raba da gidansa. Ka ba mu kunnen jin gargaɗi tun da sauran lokaci. Cikin sunan Yesu, Amin.