Izinin Buɗe Asibiti A Jihar Legas: Abin Da Doka Ta Ce

(Jawabin da wani tsohon malamin asibiti ya yi wa 'yan Arewa mazauna Agege, waɗanda ke shawarar gina ɗakin shan magani na gayya.)



Niyyar gina ɗakin shan magani niyya ce ta alheri, amma akwai wani mataki da ke gaban sayen bulo da siminti, watau neman iznin hukuma. Jama'a za su iya tara kuɗi su ƙare gini tsaf, sa'an nan ma'aikatan gwamnati su zo su garƙame ƙofar, kuma ba a zalunci kowa ba, domin doka ce ta ba su iko.

A shekarar 2006 Gwamnatin Jihar Legas ta kafa hukumar da ake kira HEFAMAA a taƙaice, wadda aikinta shi ne yi wa wuraren jinya rajista da sa musu ido. Kafin ta yarda a buɗe wuri, sai jami'anta sun je sun duba ginin, da ruwa, da makewayi, da kayan aiki, da yadda za a zubar da allurai da sauran ƙazantar asibiti. Har ila yau sai sun ga takardun ma'aikata, domin likita da ma'aikaciyar jinya da ungozoma kowa yana da majalisar da ke ba shi lasin aiki. Rajistar kuwa ba ta har abada ba ce, kowace shekara ake sabunta ta.

Gwamnatin Tarayya ita ma ta yi tata dokar kiwon lafiya a 2014, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. Dokar ta haramta gina wurin jinya, ko sake masa fasali, ko ƙara yawan gadajensa, sai da takardar shaidar cika ƙa'ida. Wanda ya karya ta zai biya tarar da ba ta gaza Naira 500,000 ba, ko ya sha ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko a haɗa masa duka biyu.

Batun ƙarin gadajen nan shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Izni ana bayar da shi ne gwargwadon irin aikin da wuri zai iya. Ɗakin da aka yarda ya duba masu zazzaɓi ya sallame su, in ya soma kwantar da masu naƙuda alhali ba ungozoma, ba tanadin jini, ba motar da za ta garzaya da mace babban asibiti, to ya wuce iyakarsa. Ranar da haihuwa ta zo da gardama cikin dare, a nan ake rasa uwa da ɗa.

Haka kuma mai kemis. Lasinsa daga Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya yake fitowa, kuma na sayar da ƙananan magunguna ne kurum. Bai ba shi ikon shimfiɗa tabarma a bayan shago ya ɗaura wa mutum ruwa ba. Amma can samari 'yan cin rani suka fi zuwa, saboda araha, da kuma cewa mai shagon yana jin Hausa. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, domin baƙon da ba ya jin Yarbanci ko Turanci yana shan wuya a layin babban asibiti. Sai dai maganin wannan shi ne wuri mai rajista wanda aka ɗauki ma'aikata masu jin harshen jama'a.

Saboda haka ya kamata kwamitin gini ya fara samun likita ko ma'aikacin jinya mai lasin da zai riƙe wurin, ya je ofishin hukumar da taswirar ginin, ya bayyana irin aikin da ake nufi da yawan gadaje. In akwai burin ɗakin haihuwa nan gaba, a faɗa tun yanzu, don a bar masa fili a cikin taswirar.